Wace taya ce ta dace da babbar jif a ƙasashen dusar ƙanƙara?

A ranar 1 ga watan Disambar kowace shekara ne wata doka ke fara aiki a lardin Quebec na ƙasar Kanada, wadda ta wajabta wa masu motoci sanya tayoyin hunturu har zuwa ranar 15 ga watan Maris.

Duk direban da aka kama ya karya dokar zai biya tarar dalar Kanada 200 zuwa 300.

Dokar dai, wadda aka soma aiki da ita a shekarar 2008, ba ta ɗauke wa manyan motoci ƙirar jif ba. Masu irin su Chevrolet Suburban da Ford Expedition da Toyota Land Cruiser dole ne su ma su bi ta, duk da girman motocinsu da kuma cewa ƙafafunsu huɗu ne ke ja.

Wannan kan zo da mamaki ga baƙin da suka je karatu ko aiki daga ƙasashe masu zafi. Akasarin motocin da ake sayarwa a Kanada da Amurka na fitowa ne daga kamfani da tayoyin da aka rubuta wa All Season a jiki, wato tayoyin kowane yanayi. Amma yawancinsu ba su cika sharaɗin dokar Quebec ba.

Dalilin haka na da nasaba da irin robar da ake yin taya da ita, da zanen da ke jikinta, da kuma wani ɗan tambari da masu saye da yawa ba sa lura da shi.

Asalin tayar kowane yanayi

Kamfanin Nokian na ƙasar Finland ne ya ƙera tayar hunturu ta farko a shekarar 1934, domin manyan motocin ɗaukar kaya. Bayan shekaru biyu ya fito da irinta ta ƙananan motoci.

Daga nan ne direbobin ƙasashe masu sanyi suka saba da ajiye tayoyi kashi biyu, ɗaya na lokacin zafi ɗaya na hunturu, suna sauyawa sau biyu a shekara.

A shekarar 1977 kamfanin Goodyear na Amurka ya fito da wata taya mai suna Tiempo, wadda ya tallata a matsayin wadda za a yi amfani da ita duk shekara. Ta samu karɓuwa ƙwarai, domin ta rage wa jama'a kashe kuɗi da wahalar sauyi da neman wurin ajiya. Sauran kamfanoni suka bi sahu.

To sai dai taya ɗaya ba ta iya ƙwarewa a komai. An tsara tayar kowane yanayi ne ta daɗe ba ta cinye ba, ta jure zafin kwalta, ta kori ruwan sama, sannan ta ɗan taɓuka wani abu idan dusar ƙanƙara ba ta yi yawa ba. Shi ya sa makanikai a Kanada kan yi mata ba'a da cewa tayar yanayi uku ce.

Abin da sanyi ke yi wa roba

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa daga kowace taya bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. A kan waɗannan wurare huɗu ne tashi da juyawa da tsayawa suka dogara.

Taya na kama titi ne saboda robarta na da taushin da za ta lotsa cikin ƙananan ramukan kwalta. Idan sanyi ya ƙaru sai robar ta fara ƙandarewa, kamunta ya ragu.

Kamfanonin taya da hukumar sufuri ta Kanada sun tsayar da digiri 7 a ma'aunin Celsius a matsayin iyakar da tayar kowane yanayi ke fara rasa taushinta. Ke nan matsalar kan soma tun kafin dusar ƙanƙara ta sauka, a kan busasshen titi ma.

A birnin Montreal matsakaicin sanyin watan Janairu na kaiwa kusan digiri 10 ƙasa da sifiri, kuma dusar da ke zuba a shekara ta kai kimanin mita 2.

Ita tayar hunturu ana haɗa robarta da sinadaran da ke hana ta ƙandarewa a irin wannan sanyi. Zanenta ya fi zurfi, kuma an yi masa dubban ƙananan tsage-tsage sirara kamar yankan reza, waɗanda ke buɗewa su ciji ƙasa idan mota na tafiya.

Haka kuma ramukan zanen kan cika da dusa, ita kuma ta manne da wadda ke kan titi, domin dusa ta fi kama 'yar'uwarta fiye da yadda roba ke kama ta.

Ruɗin ƙafa huɗu

Babban abin da ke yaudarar masu manyan jif shi ne yadda motar ke tashi cikin sauƙi. Idan injin na juya ƙafafu huɗu, mota kan fita daga cikin dusa ta hau tudu a inda ƙaramar mota za ta tsaya tana wulwula taya.

Wannan kan sa direba ya ɗauka cewa titin ba shi da santsi sosai, sai ya ƙara wuta.

Amma wajen tsayawa babu wani fifiko. Kowace mota, ƙarama ko babba, tana da birki a ƙafafu huɗu. Da zarar an taka birki, aikin jan ƙafa huɗu ya ƙare, saura abin da roba za ta iya kamawa.

Na'urar ABS mai hana ƙafafu kullewa da kuma na'urar daidaita mota a kwana duk suna taimakawa, sai dai su ma suna sarrafa kamun da taya ta samar ne kawai. Ba su da ikon ƙara shi.

Sannan ga nauyi. Babbar jif irin Suburban ta haura kilo 2,500 tun kafin a saka mutane da kaya. Nauyin ba ya rage nisan da za ta yi kafin ta tsaya a kan ƙanƙara, kuma idan ta kufce ta daki wata mota ko mai tafiya a ƙasa, ɓarnar ta fi muni.

Tsayinta ma wani abin lura ne. Idan mota mai tsayi ta zame ta gefe ta bugi dakalin titi ko ta faɗa rami, ta fi saurin kifewa.

Littafin ƙa'idojin tuƙi na Birtaniya ya yi gargaɗin cewa nisan tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka na busasshen titi har sau goma. Kuma a ƙa'idar kimiyya, duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, nisan birki na ninkawa sau huɗu.

Alamomi biyu masu kama da juna

A gefen taya akwai alamomi biyu da ake yawan rikitawa.

Ta farko ita ce haruffan M+S, waɗanda ke nufin taɓo da dusar ƙanƙara. Kusan duk tayar kowane yanayi na ɗauke da su. Ana bayar da su ne bisa siffar zanen taya da yawan ramukansa, ba tare da an gwada ta a kan dusa ba.

Ta biyu kuwa hoton wani dutse ne mai kawuna uku, da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Ƙungiyoyin masu sarrafa roba na Amurka da Kanada ne suka amince da wannan tambari a shekarar 1999.

Kafin taya ta same shi sai an gwada ta a kan dusar da aka daddale. A tsarin da aka kafa a lokacin, sai ta zarce wata tayar awo ta musamman da akalla kashi 10 cikin 100 wajen kama ƙasa.

Wannan tambarin ne dokar Quebec ke nema tun daga watan Disambar 2014, in ba tayar mai ƙusoshi ba ce.

Sai dai shi ma yana da iyaka. Gwajin na dusa ne, bai shafi daskararriyar ƙanƙara mai sheƙi kamar gilashi ba, wadda ita ce mafi haɗari. Saboda haka ne a watan Mayun 2021 Ƙungiyar Tarayyar Turai ta ƙara wata alama ta daban a takardar bayanin da ake liƙa wa sababbin tayoyi, domin nuna waɗanda suka ci gwajin birki a kan ƙanƙara.

Taya ta uku

A 'yan shekarun nan wani nau'in taya ya samu kasuwa tsakanin waɗannan biyu. A Arewacin Amurka ana kiransa All Weather. Taya ce da ake bari a mota duk shekara, amma tana ɗauke da tambarin dutsen.

Daga cikin sanannunta akwai CrossClimate ta kamfanin Michelin, wadda aka fara sayarwa a Turai a shekarar 2015, da jerin WR na Nokian, da WeatherReady ta Goodyear. Ana samun irin waɗannan a girman da ya dace da manyan jif.

Da yake tana da tambarin, doka ta amince da ita a Quebec da Jamus. Ta fi tayar kowane yanayi ta gargajiya kama dusa nesa ba kusa ba, ko da yake ba ta kai tayar hunturu ta ainihi ba idan ana maganar ƙanƙara da matsanancin sanyi. Yawanci kuma ta fi ta gargajiyar saurin cinyewa.

A nan akwai wani ruɗani na suna. A Turai, galibin sababbin tayoyin da ake sayarwa da sunan All Season suna da tambarin dutsen, alhali a Amurka da Kanada yawancin masu wannan suna ba su da shi. Ke nan suna ɗaya na iya nufin kaya iri biyu, ya danganta da inda aka saya.

Wasu tayoyin daji masu manyan haƙora, waɗanda masu jif ke sha'awa saboda kwarjini, su ma na da tambarin. Suna aiki a dusa mai zurfi, amma a kan ƙanƙara robarsu mai tauri ba ta kai ta tayar hunturu ba.

Dokoki sun bambanta

A Kanada, Quebec ne kaɗai lardin da ya wajabta tayar hunturu a duk faɗinsa. A lardin British Columbia ana buƙatarta ne a kan wasu manyan hanyoyi, musamman na tsaunuka, daga ranar 1 ga watan Oktoba. A can an yarda da taya mai M+S muddin zurfin zanenta ya kai milimita 3.5.

Lardin Ontario bai tilasta wa kowa ba, amma tun shekarar 2016 ya umarci kamfanonin inshora su riƙa yin rangwame ga direbobin da suka sanya tayoyin hunturu.

A Jamus dokar ba ta ɗaure da kwanan wata. Tun watan Disambar 2010 aka haramta tuƙi a kan dusa ko ƙanƙara ba tare da tayar da ta dace ba. Daga ranar 1 ga watan Oktoban 2024 haruffan M+S kaɗai sun daina wadatarwa, sai taya mai tambarin dutse. Tarar na farawa daga Yuro 60.

A Finland ana buƙatar tayar hunturu daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Maris idan yanayi ya buƙaci haka, yayin da a Sweden wa'adin ke farawa daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris.

Tayoyi masu ƙusoshin ƙarfe, waɗanda suka fi kowace taya kama ƙanƙara, sun halatta a waɗannan ƙasashe biyu da kuma Quebec a lokacin hunturu. Jamus ta haramta su saboda suna cin kwalta. Japan ma ta kafa dokar taƙaita su a shekarar 1990 saboda ƙurar da suke tayarwa a birane.

Lambobin da ke gefen taya

Ga mai babbar jif, tambarin dusa rabin magana ne. Sauran rabin shi ne ko tayar za ta iya ɗaukar nauyin motar.

Misali, idan an rubuta 275/60R20 115T a gefen taya, lamba 275 faɗinta ne a ma'aunin milimita, 60 na nufin tsayin gefenta kashi 60 cikin 100 ne na faɗin, 20 kuma girman wilin ne a ma'aunin inci.

Lamba 115 ita ce ta nauyi, tana nufin taya ɗaya na iya ɗaukar kilo 1,215. Harafin T na nuna cewa iyakar gudunta kilomita 190 ne a sa'a guda.

Tayoyi biyu na iya zama girma ɗaya amma lambar nauyinsu ta bambanta. Mai lamba 110, alal misali, kilo 1,060 take ɗauka. Ƙa'ida ita ce kada a sayi wadda lambarta ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke liƙe a jikin ƙofar direba.

Masu jan tirela ko ɗaukar kaya masu nauyi kan koma ga tayoyi masu haruffan LT, waɗanda aka yi domin ƙananan motocin dakon kaya. Sun fi ƙarfi, sai dai sun fi tauri kuma suna buƙatar iska mai yawa.

Faɗi ma na da tasiri. Manyan jif na zamani na zuwa da wili mai inci 20 ko 22 da faffaɗar taya, wadda kan yi yawo a saman dusa mai zurfi. Siririyar taya ta fi tsaga ta. Saboda haka wasu kan sayi ƙaramin wili domin hunturu, bayan sun tabbatar ba zai gogi birki ba kuma kewayen tayar bai sauya ba.

Hukumar sufuri ta Kanada na ba da shawarar a sanya tayoyi huɗu iri ɗaya. Idan aka sa masu kamu a gaba kaɗai, bayan motar na iya juyawa a kwana. A motoci masu jan ƙafa huɗu kuma, bambancin girma tsakanin tsohuwa da sabuwar taya na iya lalata giya.

Iska, zurfin zane da shekaru

Sanyi na rage iskar taya. Duk saukar kimanin digiri 5 zuwa 6 na rage ma'aunin iska da PSI ɗaya, don haka tayar da aka yi wa iska a watan Satumba na iya yin ƙasa sosai a Janairu. Ana auna iskar ne da safe kafin mota ta yi tafiya.

Muhimmancin wannan ga manyan jif ya fito fili a watan Agustan 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan haɗurran da suka rutsa da motocin Ford Explorer, inda fatar taya ke ɓallewa mota ta kife. Ƙarancin iska na cikin abubuwan da aka yi ta muhawara a kai.

A wannan shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kai ga wajabta na'urar gargaɗin iska a sababbin motoci daga watan Satumban 2007. Sai dai fitilar kan kunnu ne bayan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, wato bayan matsalar ta riga ta yi nisa.

Game da zurfin zane, milimita 1.6 ne mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi a Turai da wurare da dama na Arewacin Amurka. Amma a kan dusa hukumar sufuri ta Kanada ta ce kada a yi amfani da tayar da zanenta ya gaza milimita 4. Wannan ya fi shafar wadda ake bari duk shekara, domin tana iya wuce hunturun farko lafiya ta gaza a na uku.

Shekarun taya kuma na rubuce a lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT. Idan an ga 3523, an ƙera ta ne a mako na 35 na shekarar 2023. Kamfanin Michelin na ba da shawarar duba taya kowace shekara bayan ta cika biyar, a kuma sauya ta idan ta kai goma ko da zanenta bai cinye ba.

Wannan bayani ya shafi direbobin Afirka ta Yamma ta wata fuskar. Wasu daga cikin tsofaffin tayoyin da ake cirewa a Turai kan ƙare a kasuwannin yankin, duk da cewa Najeriya ta sanya tayoyin da aka yi amfani da su cikin jerin kayan da ta haramta shigowa da su. Tayar hunturu mai taushin roba na saurin cinyewa a kan kwalta mai zafi, kuma birkinta ya fi tsawo.

To wace za a zaɓa?

Amsar ta dogara ne da wurin zama da kuma irin tafiyar da ake yi.

A inda dusa ke sauka jefi-jefi ta narke cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar birnin Landan ko gaɓar tekun Vancouver, tayar kowane yanayi mai kyau na iya wadatarwa, muddin direba zai iya ajiye mota a ranar da yanayi ya ɓaci. Wanda ba zai iya ajiyewa ba, gara ya nemi mai tambarin dutse.

A manyan biranen da ake share tituna a zuba musu gishiri, kamar Toronto ko Chicago ko Berlin, taya mai tambarin dutse da ake bari duk shekara ta dace da mutane da yawa, musamman mazauna gidajen haya da ba su da wurin ajiye tayoyi huɗu.

Amma a inda sanyi ke daɗewa ƙasa da sifiri na tsawon watanni, kamar Winnipeg da birnin Quebec da arewacin jihar Minnesota da ƙasashen arewacin Turai, ko ga wanda ke bin hanyoyin karkara da tsaunuka, ko mai fita aiki da asuba kafin a share titi, tayar hunturu ta ainihi ce ta dace.

Kuɗin sayen tayoyi takwas a lokaci guda na da yawa, musamman ga babbar jif. Sai dai yayin da kashi ɗaya ke aiki ɗayan na hutawa, don haka kowanne kan daɗe. Ƙarin kuɗin da ba ya dawowa shi ne na wili na biyu da ladan sauyawa da na ajiya.

Masu sayar da taya a Kanada kan shawarci jama'a su yi sauyin tun a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, da zarar ma'aunin zafi ya fara zama ƙasa da digiri 7. A Quebec, wanda ya jira saukar dusar farko yakan tarar da layi a garejin makanikai, wani lokaci sai ya yi makonni kafin ya samu gurbi.